Na-Sani Ya Sayi Zango

A wani layi mai shagon aski ɗaya da famfo ɗaya an yi wani mutum da ake kira Na-Sani. Ba iyayensa ne suka raɗa masa sunan ba, bakinsa ne. Duk maganar da ka ɗauko, kafin ka kai tsakiyarta zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na sani." Ko rasuwa ka zo sanar da shi sai ya ce ya sani, in ka juya kuma ya biyo ka yana tambayar wai wa ma ya rasu.

Iliminsa duk a mota ya samo shi. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa wani manajan banki, manaja na baya yana waya, shi yana gaba ya kasa kunne. Rabin magana yake ji, don ɗaya rabin na can wajen wanda ake wayar da shi, amma wannan bai taɓa damunsa ba. Da manaja ya yi ritaya, Na-Sani ya dawo gida da tsohuwar jakar hannu, da kwat mai matse shi a hammata, da cikakken imani cewa ba don shi ba da bankin nan ya daɗe da rushewa.

Matarsa tela ce, layin na kiranta Anti Tela, kuma abu ɗaya take so a duniya, wato rufi. Kwanon gidansu ya tsufa har ya koma rariya. Duk damina sai ta jera robobi da tukwane a ɗaki, tana jan keken ɗinkinta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Shekara biyu tana taka keke, ko ɗankunne ta ƙi saya wa kanta, har ta haɗa kuɗin sabon kwano. Ranar da aka sauke shi a tsakar gida, ta ɗauki allin ɗinkinta shuɗi ta bi shi falle-falle tana zana ɗan almakashi a bayan kowanne, don kada wani ya yi ɓatan dabo. Kafinta ya zo ya yaye tsohon rufin, ya canza katako, saura kawai a buga sabo. Hadari kuwa ya fara leƙowa ta gabas.

Ana cikin haka ƙaninta ya zo. Akawu ne a ofishin dillalan hannun jari, kuma ya zo ɗaukarta ne saboda mahaifiyarsu ta zame ta gurɗe ƙafa, tana bukatar mai kula da ita na 'yan kwanaki. Tana can tana haɗa kaya, shi da Na-Sani suna cin abinci a tsakar gida, sai tsautsayi ya sa Akawu ya ɗauko hirar aiki.

"Yaya, ai yanzu masu ido ba gini suke saye ba," in ji shi. "Kamfanonin sadarwa suke zuba wa kuɗi, marasa waya ɗin nan. Amma fa ba kowanne ba, sai wanda ke riƙe da lasisin zango mai kyau."

"Na sani."

"Ka san zangon nan hukuma ce ke yanka shi ta yi gwanjonsa, kuma ba a ƙera sabo, iyakarsa ke nan. Wani kamfanin za ka ga ofishinsa kamar ya faɗo maka a ka, amma lasisin da ke hannunsa ya fi..."

"Ya fi ginin tsada. Na sani."

"Don duk wanda zai aika saƙo, dole ta zangon zai bi. Cunkoso na ƙaruwa, darajarsa na hawa. Akwai gajere, akwai matsakaici, kowanne da mitocinsa. To abin da ake nufi da zango a nan shi ne..."

"Kai yaro, ni za ka koya wa zango? Ina tuƙa manaja kana rarrafe."

Akawu ya ci gaba da cin abinci. Abin da yake so ya faɗa ba wani abu ne mai wuya ba. Zangon da mai labarai ke ambata a rediyo yake nufi, gajeren zango a kan mita kaza, wato hanyoyin da murya ke bi a cikin iska, waɗanda ido ba ya gani. Shi kuwa Na-Sani zango ɗaya ya sani tun yana yaro, inda matafiya ke sauke kaya su huta, dabbobi su sha ruwa.

Anti Tela ta fito da jakarta, ta tsaya ta shafa kwanon kamar mai sallama da ɗa.

"Baban yara, gobe Kafinta zai zo. Ba na neman komai a wajenka. Ka dai zauna a kujera ka ga an buga."

"Na sani."

"Shi ne abin da ke tsorata ni," ta ce, suka tafi.

Gari na wayewa Na-Sani ya sa kwat, ya ɗauki jakar hannu, wadda babu komai a ciki sai tsohuwar jarida, ya tare Kafinta a ƙofa ya ce a dakata da aiki tukuna. Daga nan ya wuce shagon aski, inda yake yin duk manyan sanarwoyinsa.

"Ku kalle ni da kyau," ya ce wa Mai aski da masu jiran layi, "don nan gaba sai da takardar izini za ku gan ni. Zan shiga harkar sadarwa."

"Kati za ka fara sayarwa?" in ji Mai aski.

"Kati na yara ne. Zango zan saya."

"Ana sayen zango?"

"Masu ido suna saye. Kai ai ƙeyar mutane kawai kake gani."

Ya hau motar haya ya shiga gari, ya nufi wani ƙaton ofishin kamfanin waya mai gilashi tun daga ƙasa har sama. Ya tarar da wata budurwa a bayan tebur, ya ɗora jaka a gabanta kamar yadda ya ga manaja na yi.

"Ku kamfanin sadarwa ne?"

"E, Baba. Layinka ne ya sami matsala?"

"Ni nake tambaya. Kuna da waya?"

Ta nuna masa akwatunan gilashi cike da wayoyi. "Kowace iri kake so akwai."

"To kun faɗi. Ni mara waya nake nema." Ya duba hagu da dama, bai ga ko akuya ba, balle wurin ɗaure ta. "Kuma ko zango ba ku da shi. Ina tausaya wa wanda ya sa kuɗinsa a nan."

Ya juya da ƙasaita zai fita, ya yi gaba da gaba da ƙofar gilashi, har mai gadi ya zabura. Ya fito da ƙulu a goshi, ya hau wata motar, zafin rana da zafin goshi suka haɗu suka sa shi barci. Bai farka ba sai da yaron mota ya taɓa shi ya ce nan ne ƙarshen hanya.

A nan ne ya ga allon. Tsohon allo ne da ya karkace, an rubuta da fenti: ZANGO. ANA SADAR DA KAYA KO'INA. Bayan allon akwai fili da karyayyen shinge, da kwamin shan ruwan dabbobi, da rumfar jakuna, da ɗaki ɗaya na baƙi wanda rufinsa ya zube. Wani tsoho na zaune a gindin bishiya, ƙaramar rediyo a cinyarsa, amalanke a gefensa. Na-Sani ya yi murna, don wuri ne kamar ya faɗo maka a ka, daidai yadda Akawu ya kwatanta.

Suka gaisa. Na-Sani ya yi hamma da gangan, don manaja ya taɓa cewa mai saye ba ya nuna zumuɗi.

"Baba, kai ne mai wurin nan?"

"Ni ne mai zango."

"Kana sadarwa?"

"Tun ina saurayi nake sadar da kayan mutane. Ko allura ban taɓa ɓatarwa ba."

"Kana da waya?"

"Wallahi ba ni da waya, ɗana. Ta faɗa kwami bara, ban sake saye ba."

Na-Sani ya ƙara matsowa. "Lasisi fa?"

"Yana nan, hukuma ce ta ba ni. Duk shekara ina sabuntawa."

"Zangon naka gajere ne ko matsakaici?"

Tsoho ya dubi filinsa. "Gajere dai za a ce. Daga allo zuwa bishiyar can."

"Mita nawa?"

"Da aka auna, mita arba'in da tara aka ce."

Na-Sani ya tabbata ya taɓa jin wannan lissafin a wani muhimmin wuri, ya dai manta ina. Ya tambayi cunkoso, tsoho ya ce akwai lokacin da ba wurin sa ƙafa. Ya tambaya ko za a sayar masa da rabi, tsoho ya ce dama yana neman abin da zai gyara wurin da shi.

"Amma bari in gaya maka gaskiya, ɗana, don kada ka ce na rufe ka. Tun da aka yi sabuwar hanya..."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Har abin da ba ka sani ba na sani."

"To madalla," in ji Mai zango. "Ka rage mini magana."

Saura kuɗi, kuma kuɗi na kwance a tsakar gida falle-falle. A amalanken Mai zango aka loda kwanon Anti Tela aka mayar shagon da aka sayo shi, mai shago ya karya farashi kamar ba shi ya sayar ba. Kafinta ya biyo amalanken har bakin titi yana nuna sama.

"Malam, dubi gabas fa. Gidanka a buɗe yake kamar tukunyar da aka manta."

"Nan da wata guda rufin siminti zan zuba, in ɗora bene a kai. Kwano na masu ƙaramin tunani ne."

"Ni dai in Anti ta dawo, ba na gari."

Don ya toshe masa baki, Na-Sani ya ba shi mita biyu a cikin rabinsa. Mai aski ya ji labari, kwaɗayi ya taso masa duk da dariyar da yake yi, ya ce shi ma a ba shi mita ɗaya, ya riƙa yi wa Na-Sani aski kyauta har ƙarshen rayuwa. Ba a faɗi rayuwar wa ba. Gida kuwa aka rufe shi da wani tamfal da Mai zango ya ara masa, mai warin bunsuru.

Ranar farko a matsayin mai kamfani, Na-Sani ya isa da sassafe cikin kwat, ya tambayi ina ofishinsa. Mai zango ya miƙa masa shebur.

"Tunda rabin wurin naka ne, rabin kashin jakuna ma naka ne. Daga kwami zuwa bishiya."

Na-Sani ya karɓa, yana gaya wa kansa cewa manaja ma daga ƙasa ya fara. Ya rataye jakarsa a jikin rumfa. Kafin ya kai bishiya, wani jaki mai farin baki ya cinye hannun jakar da rabin jaridar da ke ciki.

Shakka ta ɗan taɓa shi a ranar, don tun safe babu motar da ta tsaya. Sai ya ciro wayarsa ya ɗaga sama, ya ga sabis ya cika taf, abin da bai taɓa gani a gidansa ba. Dogon ƙarfen wani kamfani ne ke tsaye a tsallaken titi, amma Na-Sani bai ɗaga kai har can ba. Ya ce wannan ai shaida ce, zango na aiki. Nan take ya tuna maganar Akawu, cewa duk mai aika saƙo ta zangon zai bi, sai ya ga ashe dukiya ce ke wucewa ta gabansa tsoho bai iya karɓa ba.

Ya tsaya a bakin shinge yana jira. Can sai ga wani ƙaton direban babbar mota ya ratso filin, waya a kunne, yana faɗa da wani a kan kuɗin taya. Na-Sani ya sha gabansa ya miƙa hannu.

"Biya."

"In biya me?"

"Kana waya a zangona. Muryarka ta nan ta bi."

Direba ya ce wa na cikin wayar ya ɗan riƙe. Ya sa wayar a aljihu a natse, ya ɗaga Na-Sani da kwat ɗinsa da komai, ya zaunar da shi a cikin kwamin ruwa, ya ciro wayar ya ci gaba da faɗansa daga inda ya tsaya. Jakuna suka matso suna kallon wanda ya shigar musu ruwa.

"A nan wayata ta faɗa," in ji Mai zango daga gindin bishiya. "In ka taɓo ta ka miƙo."

A ƙarshen mako aka raba riba. Abin da ya shigo bai fi kuɗin dusar jakuna ba, don haka rabon Na-Sani ya zama buhun taki. Ya ɗauko shi a ka har layi, ƙudaje na yi masa rakiya. Mai aski ya leƙo yana toshe hanci.

"Ranka ya daɗe, ribar ce?"

"Somin-taɓi ne. Manyan kamfanoni ba sa raba tsabar kuɗi a farko."

"To rabon mita ɗayata ka riƙe, na yafe."

Da yamma Anti Tela ta kira.

"Baban yara, an buga?"

"Maganar sama ai an gama ta. In kin dawo za ki ga abin da ba ki taɓa zato ba."

"Allah ya sa alheri," ta ce, muryarta ba ta yi kama da ta mai sa rai ba.

Na-Sani ya san idan ta fara ganin gida kafin ta ga kamfani, ba za ta tsaya jin bayani ba. Don haka ya shirya babban taron masu hannun jari ranar dawowarta, ya gaya wa Akawu ya wuto da ita zango kai tsaye daga tasha. Ya yi hayar kujeru da lasifika, ya gayyaci layi kaf, layi kuwa ya zo kaf, don ba wanda yake so a ba shi labari. Sa'a ta ƙara masa ƙarfin gwiwa, domin Mai zango ya yi amfani da kuɗin da ya karɓa ya rufe ɗakin baƙi da sabon kwano, yana ta walƙiya a rana.

Aka zauna. Akawu da yayarsa suka iso, aka ba su kujerun gaba. Akawu na ta waige-waige, ya dubi jakuna, ya dubi allo, ya dubi mijin yayarsa. Na-Sani ya hau kan amalanke, ya hura lasifika.

"Jama'a, akwai masu gani da ido, akwai masu gani da ƙwaƙwalwa. Lokacin da wasu ke tara kwano, ni na hango inda duniya ta dosa. Wannan da kuke gani kamfanin sadarwa ne mara waya, mai lasisin gajeren zango, mita arba'in da tara. Ku dubi rufin can. Mako ɗaya da shigowata ke nan."

Aka tafa, Mai aski ya fi kowa, saboda mitarsa.

"Abin da ya rage mana kawai cunkoso ne, kuma yana tafe."

Bai rufe baki ba wata babbar mota ta karyo kwana ta shigo filin da baya, irin wadda ba a gani sai jifa-jifa. Aka saki ƙofar baya, awaki suka zubo kamar an ɓalle famfo. Suka bi ta ƙarƙashin kujeru, suka bi ta kan cinyoyi, wani bunsuru ya kama igiyar lasifika yana tauna. Jakin da ke ɗaure da amalanken ya tsorata ya yi gaba, mai jawabi ya yi baya, ya sauka a kan buhunan taki, lasifika na hannunsa bai saki ba.

"Ga cunkoso," ya ce daga ƙasa, don ko a nan bai karaya ba. "Akawu, gaya musu. Ba haka ka ce ba?"

Akawu ya taso a hankali, ya durƙusa kusa da shi, bai lura bakinsa na daidai lasifika ba.

"Yaya, me ka saya?"

"Abin da ka ce. Zango."

Akawu ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe, sai ya je ya ari rediyon Mai zango, ya murɗa, ya kara ta a lasifika. Bayan 'yar ƙara, muryar mai gabatarwa ta cika filin, tana gaya wa masu sauraro cewa za su iya kama tashar a kan mita arba'in da tara ta gajeren zango.

"Wannan zangon nake nufi, Yaya. Na iska. Hanyar da murya ke bi daga waya zuwa waya ba tare da an ja igiya ba. Shi hukuma ke ba kamfanoni lasisinsa, su kuma ake sayen hannun jarinsu a ofis irin namu. Ba a ɗaure jaki a cikinsa."

Sai Kafinta ya fara wata 'yar dariya ta hanci, Mai aski ya kama, layi gaba ɗaya ya ɗauka, har da direban awaki da bai san kan zancen ba. Na-Sani ya miƙe yana kakkaɓe kwat.

"Na sani," ya ce. "Gwada ku nake yi."

A daidai nan aka yi tsawa, ruwa ya sauko ba sallama. Kowa ya ruga ɗakin baƙi, mutane da awaki, aka cushe kamar ashana a kwali. Ruwa na dukan sabon kwano, ko ɗigo bai shigo ba. Anti Tela ta ɗaga kai don ta ga aikin, saboda ita duk inda ta shiga yanzu rufi take fara dubawa. Ɗakin ba shi da silin. A bayan kowane falle akwai ɗan almakashi da shuɗin alli.

Ta daɗe tana kallo. Mutane suka bi idonta, dariya ta mutu.

"Baba," ta ce wa Mai zango, "ina ka sami kwanon nan?"

"A shago, 'yata. Ni na kai shi da amalankena daga gidan wannan bawan Allah, na ga yana da kyau, da ya biya ni sai na koma na saya. Mai shagon ma ya ƙara mini kuɗi."

Ta juyo ga mijinta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsawar tsoratarwa.

"Baban yara, me ke kan gidana yanzu?"

"Tamfal. Mai kauri ne ƙwarai."

"Wanda na ara maka?" in ji Mai zango. "Ai na je na ɗauko da safe, da na ji awaki za su zo. Na fara gaya maka ka ce ka sani."

Akawu da Kafinta suka dubi juna, suka fita da gudu cikin ruwa don su ceto keken ɗinki da kayan mutane. Anti Tela ta zauna a kan wani buhu. Baƙin ciki ya cika ta har ta kasa kuka. Shekara biyu ta tuna, da ciwon bayan da ta sha, da daren da take taka keke ido na rufewa, da yadda ta riƙa ƙirga ranar da za ta ji ruwa a sama ba ta tashi neman roba ba. Ga ranar ta zo, ga kwanonta a kanta, a ɗakin da awaki ke tauna mata gefen zane.

"To ina za mu kwana?" ta ce.

Na-Sani ya buɗe baki. Hannunsa ma ya fara ɗagawa da kansa, kamar kullum. Ya dubi matarsa, ya dubi almakasan da ke sama, hannun ya koma ƙasa.

"Ban sani ba," ya ce.

Mai aski ya dafa bango. "Tun ina koyon riƙe almakashi nake aske kan nan, ban taɓa jin wannan ta fito daga cikinsa ba."

Anti Tela ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe.

"Ni na sani. Baba, rabin zangon nan da kwanona aka saya, ko ba haka ba?"

"Haka ne, 'yata."

"To ni ce mai rabi. A fitar mini da awakin nan. In kekena ya iso a sa shi can kusa da taga. Direbobin da ke tsayawa ba sa rasa yagaggen wando da tamfal mai huji, a gaya musu akwai tela. Ba na barin ƙarƙashin kwanon nan sai ranar da aka buga irinsa a gidana."

"Mita ɗayata fa?" in ji Mai aski.

"Tana cikin kwami. Je ka auna."

Ruwa ya ɗan tsagaita, mutanen layi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na sauri ya riga wani kai labari. Amalanke ya dawo da keken ɗinki a naɗe cikin katifar da ta sha ruwa, aka shigar da shi, Anti Tela ta goge shi tas, ta taka sau biyu ta ji yana lafiya. Na-Sani na tsaye a bakin ƙofa da jakarsa mara hannu a hammata.

"Maman yara, ni fa?"

"Tambayi abokin kasuwancinka."

"Akwai rumfar jakuna," in ji Mai zango. "Rabinta ba ta yoyo. Sai dai bari in gaya maka, mai farin bakin nan, in ka kwanta ta gefen hagunsa..."

Tsoho ya dakata don ya saba, yana jiran a katse shi. Na-Sani ya ajiye jaka, ya matso kusa, ya karkato kunne.

"Ƙarasa, Baba," ya ce. "Ta hagun me yake yi?"